Wayar Baba ba jabu ba ce: fashin baƙin dokar Amurka da ta raba Huawei da Play Store

Shekaranjiya da la'asar ina zaune shagon wani abokina mai gyaran waya can wajen Ƙofar Ƙaura, sai ga wani dattijo ya shigo da Huawei sabuwa fil a kwali, ɗanshi ya aiko mashi daga Dubai, yana so a sa mashi YouTube ya riƙa sauraren tafsiri. Yaron shago ya duba ya duba babu Play Store, sai ya ce "Baba ai wannan jabu ce". Nan fa musu ya kaure, wani ya ce kulle ta aka yi, wani ya ce a yi mata filashin kawai ta dawo daidai. Ni dai na ce masu wayar lafiyarta lau, doka ce ta hana a sa mata kayan Google tun daga kamfani, kuma dokar ta Amurka ce. Suka fashe da dariya, wai ina ruwan Amurka da wayar Caina da aka saya Dubai za a yi amfani da ita Katsina? To wallahi tambayar tana kan hanya, shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta yadda na fahimce ta.

Sunan dokar a taƙaice EAR, ƙa'idojin fitar da kaya ne daga Amurka, kuma wani ofishi da ake kira BIS a ƙarƙashin ma'aikatar kasuwancinsu shi ke riƙe da ita. Mu nan abin da muka sani shi ne kwastan, suna Jibiya suna Kongolam, kaya ya zo a duba, in ya wuce shikenan magana ta ƙare. Ita wannan ba haka take ba. Kamar shaidar da ake yi wa saniya ce, ko an kai ta kasuwar Mai'aduwa an saida, wanda ya saya ya sake saidawa Maraɗi, shaidar tana nan jikinta. Duk abin da ya shiga ƙarƙashin EAR to duk inda ya je duniya Amurka na cewa da sauran bakinta a kai. In ka saya Dubai za ka tura wata ƙasa, a wurinsu sake fitarwa ne, kuma in kayan na cikin masu buƙatar izini sai ka nemi lasisi wurinsu.

Kuma da aka ce kaya ba wai sai abin da ake ɗauka a kwantena ba. Manhaja kaya ce, zanen cif (ɗan ƙaramin guntun lantarkin da ke aikin lissafi cikin waya da kwamfuta) kaya ne, kai ko bayanin fasaha da injiniya zai tura wa wani ta imel ana lissafa shi a matsayin fitarwa.

Hanyar da abu ke shiga ƙarƙashin dokar, ta farko mai sauƙi ce, in a Amurka aka ƙera shi. Ta biyu, ko a waje aka ƙera in kayan Amurka da aka sa wa ido sun wuce kashi 25 cikin 100 na darajarshi ya shiga, ga ƙasashen da suke takun saƙa da su sosai irin su Iran ma kashi 10 ne. Ta ukku ita ce mai zafin, zan zo kanta.

Akwai kuma wani baƙin kundi da suke kira Entity List. In sunan kamfani ya shiga ciki, ba wanda zai ba shi abin da ke ƙarƙashin dokar sai da lasisi, lasisin kau galibi ƙi ake yi. A watan Mayu 2019, lokacin mulkin Trump na farko, aka sa Huawei ciki tare da rassanta 68, bisa zargin barazana ga tsaron ƙasa, zargin da kamfanin ya sha musantawa. Google kamfanin Amurka ne, Play Store da Gmail da YouTube da Maps manhajojinta ne da take ba masu ƙera waya da yarjejeniya, don haka dole ta tsaya. Mate 30 da ta fito Satumba 2019 ita ce babbar wayar farko da ta zo babu su.

Nan ne yaron shagon ya yi tambaya mai kyau, ya ce to ai ita ma Android ta Google ce, ya aka yi ba a ƙwace ta ba? Amsar ita ce Android kashi biyu ce. Akwai gangar jikin, wadda ake kira AOSP, buɗaɗɗiyar manhaja ce, kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, na nan a intanet kowa na iya saukewa ya gyara ya yi amfani ba sai ya roƙi kowa ba. Sai kuma kayan Google da ake ɗorawa a kai, waɗannan rufaffu ne. Ita EAR da kanta ta ce abin da aka riga aka wallafa a fili ga kowa da kowa, ba tare da an taƙaita yaɗa shi ba, baya ƙarƙashinta. Hankali ma zai ba ka, abin da aka shanya a tsakiyar kasuwa ya za ka ce wane kar ya kalla. Shi ya sa Huawei ta ci gaba da gina wayoyinta kan gangar jikin, ta sa nata shagon manhaja AppGallery, daga baya ta fito da HarmonyOS, nata tsarin tafiyar da waya.

Wannan sassaucin ma ba haka kawai ya faɗo daga sama ba, an sha rigima kafin nan. A shekarun 1990 Amurka na ɗaukar manhajar ɓoye saƙo mai ƙarfi kamar makami, har aka shekara wajen ukku ana binciken Phil Zimmermann wanda ya rubuta manhajar ɓoye saƙo ta PGP a 1991 saboda manhajar ta tsallaka waje, sai a 1996 aka bar maganar ba tare da an gurfanar da shi ba. Abin dariyar shi ne an buga kod ɗin a takarda kamar littafi, tunda littafi ba a hana shi fita. Wani masanin lissafi kuma Daniel Bernstein ya kai gwamnati kotu, kotun ta ce rubuta kod wani nau'i ne na faɗin albarkacin baki. Har yau dai ɓangaren ɓoye saƙo yana da 'yan sharuɗɗanshi na daban, amma ba kamar da ba.

To mu koma hanya ta ukku. Bayan 2019 Huawei ba ta durƙusa ba, don tana da reshenta HiSilicon mai zana mata furosesa Kirin, wato cif ɗin da ke matsayin ƙwaƙwalwar waya, sai ta kai zanen masana'antar TSMC ta Taiwan a ƙera mata. Kamfanin Caina, masana'antar Taiwan, ina Amurka a ciki? A Mayu 2020 sai suka faɗaɗa wata ƙa'ida da ke cewa abin da aka ƙera da fasaha ko injinan Amurka, ko da a wata ƙasa ne, in Huawei za a kai wa to sai da izini. Misalin da na ba su a shago shi ne, ka sayi injin niƙa wurin wani, kuma shi kaɗai ke da kayan gyaranshi duk garin, sai ya ce maka in ka ƙara niƙa wa gidan wane gero to kar ka sake zuwa neman ko kusa guda. Kana iya jin haushi amma ka san wa za ka zaɓa. Haka abin yake, manhajojin zana cif na Synopsys da Cadence na Amurka ne, manyan injinan masana'anta na Applied Materials da Lam Research da KLA na Amurka ne, babu wata masana'antar zamani da za ta yi aiki babu su. Daga tsakiyar Satumba 2020 TSMC ta daina kai wa Huawei kaya, a Nuwamba kuma Huawei ta saida reshenta mai wayoyin Honor don reshen ya tsira, shi ya sa za ka ga sababbin Honor da Play Store ɗinsu.

Wani zai ce to in kamfanin waje ya ƙi bi fa, me za su yi mashi? A takarda akwai ɗaurin da ke kaiwa shekara 20 da tarar dala miliyan ɗaya kan kowane laifi guda, amma abin da kamfanoni suka fi tsoro shi ne a yanke masu hanyar samun kayan Amurka baki ɗaya. ZTE, wani kamfanin sadarwa na Caina, ta ɗanɗana, a 2017 ta amsa laifin kai kaya Iran aka ci ta tarar da ta haura dala biliyan ɗaya in aka haɗa duka, a Afrilu 2018 aka sa mata takunkumin shekara bakwai, cikin 'yan makonni manyan ayyukanta suka tsaya cik, sai da ta sake biyan dala biliyan ɗaya ta canza shugabanninta kafin aka ɗage.

Daga kan kamfani guda sai abin ya koma kan ƙasa. Ranar 7 ga Oktoba 2022 gwamnatin Biden ta fitar da ƙa'idojin da suka taƙaita kai wa Caina manyan cif na ƙirƙirarriyar basira da injinan ƙera cif na zamani, har ta hana 'yan Amurka da masu takardar zama can taimaka wa irin waɗannan masana'antu sai da izini. Nvidia, kamfanin cif na Amurka, da aka hana ta saida wa Caina manyan cif ɗinta A100 da H100 sai ta rage masu gudu ta kira su A800 da H800 don su sauka ƙasa da layin da aka ja, a Oktoba 2023 aka sake jan layin ya haɗiye su, ta sake fito da H20, a 2025 ita ma aka ce sai da lasisi. Wasan ɓuya dai, kuma ɓangaren nan yana canzawa kusan duk 'yan watanni. Holan da Japan su ma sun sa nasu ƙa'idojin, kuma ASML ta Holan wadda ita kaɗai ce a duniya ke ƙera injin EUV na zana cif mafi ƙanƙanta ba a bar ta ta kai shi Caina ba. Caina ta rama da taƙaita fitar da ma'adinan galiyum da jamaniyum daga Agusta 2023, a wannan Agustan kuma Huawei ta fito da Mate 60 Pro da furosesan da masana'antar SMIC ta Caina ta ƙera cikin gida. A ganina dokar ta rage wa 'yan Caina gudu ƙwarai amma ta kuma koya masu dogaro da kai, mu da muka ga rufe boda a 2019 mun san yadda hani ke haifar da sababbin hanyoyi, na halas da na ɗan sumoga.

Sai dai 'yan uwana masu rubuta kod, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na kwalejin fasaha ta Hassan Usman Katsina da masu koyo a gida, kar a ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ta fi ƙarfin doka kwata-kwata. Kod ɗin da aka wallafa yana da 'yanci, amma kamfanin da ke ajiye shi da mutanen da ke kula da shi suna zaune a wata ƙasa da dokarta. GitHub, shafin da masu rubuta kod ke ajiye aikinsu, na kamfanin Microsoft na Amurka ne, a 2019 ya taƙaita wa masu amfani daga Iran da Siriya da Kirimiya wasu ayyuka, sai a farkon 2021 ya samu lasisin buɗe wa 'yan Iran. A Oktoba 2024 aka cire kusan mutum goma sha biyu masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux, buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da kwamfuta, Linus Torvalds wanda ya ƙirƙiro ta ya fito ya ce ba za a janye ba. Wannan ya fi alaƙa da takunkumin da baitulmalin Amurka ke sawa, dokar daban ce amma 'yan gida ɗaya ne. Irin wannan fargabar ce ta sa ƙungiyar RISC-V, wato buɗaɗɗen tsarin zana furosesa da aka faro a jami'ar Berkeley a 2010, ta maida rajistarta Suwizalan a 2020.

Mu Najeriya ba mu cikin ƙasashen da aka sa wa takunkumi, kana iya sauke Linux ka buɗe GitHub ka sayi laftof ɗinka ba wanda zai ce maka kanzil. Tecno da Infinix da itel ma na Caina ne, na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, amma ga su nan da Play Store, don abin ya danganta ne da sunan wanda ke cikin kundin. Inda mutum zai yi hattara shi ne in kana harkar odar manyan kayan sabar, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, ko katin GPU masu tsada irin na Nvidia, wani ya zo ya ce ka sayo da sunan kamfaninka ka tura mashi wata ƙasa zai ba ka la'ada mai tsoka. Wannan shi ne ainihin abin da dokar ke farauta, kuma ba sai ka taka Amurka ba sunanka zai iya shiga kundin.

Shi kau Baba, da na duba bayan kwalin P40 ce, ta 2020, ka ga ta faɗa bayan hanin. Da P30 ce wadda ta fito Maris 2019 da komai na ciki. Yaron ya ce akwai dabarun cusa kayan Google ta bayan fage, na ce mashi ya bari, yau su yi aiki gobe su tsaya, ga shi kana miƙa asusun mutum ga manhajar da ba ka san wa ya haɗa ta ba. Muka buɗe mashi YouTube ta burauza muka ajiye alamar a fuskar wayar, ya danna ya ji tafsirin ya fito tar, ya ce "to Allah ya yi maku albarka yarana", ya tambayi nawa ne kuɗin aiki abokina ya ce ya bar shi.