Aekjeot: wai wa ya ce miyar kifi ce?

Tun da matasanmu suka dulmuya cikin kallon finafinan Koriya ta Kudu, kowa ya zama gwanin haɗa kimchi (kabejin Koriya da ake tsumawa da gishiri da barkono) a TikTok, kalmar aekjeot kuma ta shiga baki. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu fassara ta da "miyar kifi". Rannan har na ji wata na cewa in ba ka samu ba, ka dafa kifi ka tace romon. Haba baiwar Allah!

A yaren Koriya, jeot na nufin kifi ko jatan lande da aka tula wa gishiri aka ajiye ya tsumu, aek kuwa ruwa. Ƙananan kifaye ake zubawa a tulu da gishiri mai yawa, a rufe, a manta da su shekara guda ko fiye, har naman ya narke, sannan a tace wani ruwa ja-ja mai wari. In dangi kake nema masa a ɗakin girkinmu, daddawa ce. Duk wadda ta taɓa buɗe kalwa bayan kwana uku a rufe ta san wannan warin shi ne alamar aiki ya yi, kuma ba wanda ke zuba daddawa a kwano ya ci da tuwo ya kira ta miya. Cokali ɗaya ko biyu, ya ɓace cikin abinci.

Iri biyu suka fi yawa. Myeolchi aekjeot na kifin ancobi ne, mai ƙarfi, shi ake so a kimchin da zai daɗe, irin wanda iyalai ke taruwa su haɗa gab da hunturu, al'adar kimjang da hukumar UNESCO ta sa a kundinta na al'adun duniya a 2013. Na kifin kkanari, wanda tsibirin Baengnyeong ya yi suna da shi, ya fi sauƙin wari.

In babu, irin wannan ruwan kifi na wasu ƙasashe, nam pla na Tailan ko nuoc mam na Biyetnam, za su yi, sai dai a ɗanɗana tukuna, don gishirinsu ya bambanta, wasu ma da sukari. Wanda ba ya cin kifi ya nemi guk-ganjang, ruwan waken soya na miya. Gidajen ibadar Buddha a Koriya ba sa sa kifi a kimchinsu ko kaɗan. Dunƙulen magi kuwa, ni dai a bar shi a miyar kuka.