Idon talibamban ya yi fari? Ku dakata da zuba magani tukuna

Jama'a masu ajiye talibamban, kifin nan mai kumbura jiki, a tankin gilashi, maganar ido ce ta kawo ni yau, don a aikinmu na malaman kiwon kifi kusan duk wanda ya zo da ƙorafi sai ka tarar ya riga ya zuba magani kala biyu ko uku a ruwa kafin ya tambaya. To shi kifin nan ba shi da ɓamɓarokin jiki irin na sauran kifaye, magani na shigarsa da wuri, musamman mai sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, shi ya sa maganin da wani kifin zai sha ya tashi shi kuma ya kwantar da shi.

Da farko ku san idon mai lafiya. Talibamban na juya kowane ido daban, ɗaya na kallonka ɗaya na bin dodon koɗi a ƙasan tanki, kuma yakan ja idon ciki kamar mai ƙiftawa. Wasu ma idonsu na ƙyalli shuɗi-shuɗi in haske ya buge shi. Duk wannan ba ciwo ba ne.

Sai a ƙirga, ido ɗaya ne ko biyun? In ɗaya ne ya kumbura ko ya yi hazo galibi rauni ne, ko dai ya goge shi a kaifin dutse lokacin da ya firgita ko ɗan'uwansa ya cije shi, don akwai su da faɗa, daga babban nan fahaka mai wuce santimita 40 har ɗan mitsitsin na Indiya da bai cika wuce santimita 3 ba. In kuwa duka biyun ne suka yi fari ko suka firfito waje to ku zargi ruwa, ko cutar da ta riga ta kama cikin jiki. Kifin nan ƙazamin ci gare shi wallahi, ya fasa dodon koɗi ya watsar da rabi, ragowar ta ruɓe ta zama amoniya, wadda guba ce ga kifi. A ɗauko abin gwajin ruwa a auna sinadaran da ƙazanta ke bari a ciki, amoniya ta zama 0, naitirayit 0, naitiret kuma gara a riƙe shi ƙasa da 20. Ruwa ya yi garau a ido ba shi ne ya nuna yana da kyau ba.

Akwai wani gwaji da nake so ku riƙa yi da dare. Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe, ba kai tsaye a fuskarsa ba, ka duba inda farin yake. In a saman idon yake kamar wata yana ce ta rufe shi, ko ka ga wani abu kamar zaren auduga, wannan na waje ne kuma sau da yawa yakan washe in ruwa ya gyaru. Amma in saman garau yake farin can cikin tsakiyar ƙwayar idon ne, to nan sai na tambaye ka daga ina kake samo dodon koɗin da kake ba shi. Akwai wata tsutsa, Diplostomum, da ke zagayawa tsakanin tsuntsaye masu cin kifi da dodon koɗi da kifi, ta fito daga jikin dodon koɗin ta huda fatar kifi ta tafi ta zauna cikin ƙwayar ido har ya makance. Na kududdufi da aka tsinto su ne hatsarin, ku kiwata naku a bokiti daban. Ku kuma lura ko yana kai wa abinci cafka yana kuskurewa.

Abin yi a ranar farko shi ne canza kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, da ruwan da aka cire wa kulorin mai ɗumi ɗaya da na tankin, a zuƙe dattin ƙasa, a cire duk abu mai kaifi. In za a ware shi don Allah kar a ɗago shi da raga, in ya kumbura a waje ya haɗiyi iska fitar da ita wahala ce, a kore shi cikin roba yana cikin ruwa a ɗauke shi da ruwan. Kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, ko ya daina cin abinci, ko ciki ya kumbura, ko jini ya taru a idon, sai a nemi likitan dabbobi, a tafi masa da hoton idon da sakamakon gwajin ruwan.