Eyam: ƙauyen da ya kulle kansa saboda annoba

Ina ne Eyam?

Ƙaramin ƙauye ne a gundumar Derbyshire ta Ingila, na manoma da masu haƙar dalma. Ba don abin da ya faru a 1665 da 1666 ba, da ko sunansa ba za a ji ba a wajen yankin.

Ta ina annobar ta shigo?

Ta cikin ƙunshin yadi, kamar yadda aka ruwaito. An aiko wa telan ƙauyen yadin daga Landan, inda cutar ke kashe mutane dubbai. Mataimakinsa, George Viccars, ya ga yadin ya yi danshi, sai ya baza shi kusa da wuta. Ashe ƙuma masu ɗauke da cutar na ciki. Shi ya fara mutuwa, a watan Satumba na 1665.

Me ya hana mutane gudu?

Wasu masu hali sun fice tun da wuri. Amma a tsakiyar 1666 limamin cocin, William Mompesson, ya haɗa kai da tsohon limami Thomas Stanley, wanda jama'a suka fi jin maganarsa, suka shawo kan sauran: ba shiga, ba fita, kada cutar ta isa garuruwa irin su Sheffield. Kowane gida shi zai binne mamatansa, ibada kuma a fili. Ai ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yarda ya zauna alhali ya san abin da ke jiransa.

To da me suka rayu?

Basaraken yankin, Earl na Devonshire, da makwabta suna ajiye musu abinci a bakin iyaka. Akwai wani dutse mai ramuka, har yanzu yana nan, da mutanen ƙauyen suke zuba ruwan khal a ciki su jefa kuɗin biya, don a ganinsu khal na kashe cutar.

Mutum nawa suka mutu?

Kimanin 260. A watan Agusta na 1666 wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. A watan nan ne Catherine, matar Mompesson, ita ma ta rasu, bayan ta ƙi barin mijinta. Sai a farkon Nuwamba mace-macen suka tsaya.

Ana tunawa da su?

Sosai. Duk Lahadin ƙarshe na Agusta ana taruwa a yi addu'a a Cucklet Delf, kwarin da suka mayar wurin ibada a lokacin.