Akosombo: Garin da Aka Tsara Domin Ma'aikatan Madatsar Ruwa

Mazauna Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, babban birnin Ghana, sun saba ambaton Akosombo duk lokacin da aka ɗauke wuta, amma ba kowa ya san cewa gari ne da aka zana a takarda kafin a kafa tubalin farko ba.

Yaushe aka kafa garin, kuma saboda me?

An kafa shi ne tare da madatsar ruwan kogin Volta mai samar da wutar lantarki, wadda aka fara ginawa a 1961, Shugaba Kwame Nkrumah kuma ya ƙaddamar da ita a watan Janairun 1966. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi ginin, kuma da yake wurin ƙauye ne a tsakanin duwatsu, tilas aka nema wa injiniyoyi da sauran ma'aikata matsuguni. Aikin zanen garin ya faɗa hannun kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka, wanda ya tsara birnin Tema.

Wa ke tafiyar da shi?

Hukumar Kogin Volta, wato VRA, wadda aka kafa a 1961. Gidaje da asibiti da makarantu suna hannunta, kuma kulawar da take yi ce ta sa garin ya yi suna wajen tsabta.

Shin kowa ya samu gurbi a cikin tsarin?

A'a, kuma nan ne zanen ya gaza. An raba unguwanni ne gwargwadon muƙami: manyan ma'aikata a kan tudu, inda ake shan iska ana hango tafkin da madatsar ta tara, ƙananan ma'aikata kuwa a gangare cikin gidaje masu ƙarancin ɗakuna. Leburori da 'yan kasuwa da masu sayar da abinci, waɗanda suka kwararo daga sassan ƙasar neman abin kai wa baka, ba a yi lissafi da su yadda ya kamata ba, don haka suka kafa tasu unguwar da ake kira Combine, da katako da kwanon rufi. Duk wanda ya san yadda zangonninmu suka tsiro a gefen birane ba zai yi mamakin wannan ba. Ma'aikacin hukumar ma, gidan da yake ciki ba nasa ba ne. Ranar da ya yi ritaya sai ya miƙa makulli.

Mutanen da tafkin ya tasa fa?

Ba a Akosombo aka zaunar da su ba. Kimanin mutum 80,000 ne ruwa ya ci garuruwansu, aka rarraba su a sababbin matsugunai 52.

Ban da wutar lantarki, da me garin ke rayuwa?

Masaƙar atamfa ta Akosombo Textiles Limited (ATL) ta daɗe tana ɗaukar ma'aikata, akwai kuma tashar jiragen ruwa da ke jigilar kaya da fasinja zuwa arewa ta kan tafkin, har Yeji.