Inshora da kuɗin IVF a Amurka: a bincika kafin allurar farko

Ma'auratan da ke neman haihuwa a Amurka, ku fara da sanin cewa babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanin inshora biyan kuɗin IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa. Kowace jiha da nata tsarin. Maryland ta yi dokarta tun 1985, Massachusetts a 1987, Illinois a 1991, ita kuma New York daga Janairun 2020 ta ce inshorar wurin aikin da ke da ma'aikata sama da 100 dole ta biya zagaye uku na IVF. A Texas kuwa dokar cewa kawai ta yi kamfanin inshora ya yi wa wuraren aiki tayin inshorar IVF, wurin aikin da ya ga dama ya saya, wanda bai ga dama ba shi ke nan.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ko kuna zaune a jihar da ke da doka mai kyau, tana iya yiwuwa ba ta shafe ku ba sam, domin manyan kamfanoni da yawa ba sayen inshora suke ba, daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibitin ma'aikata, kamfanin inshoran da sunansa ke jikin katinku takardu kawai yake sarrafa musu, kuma irin wannan tsarin yana ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA ta 1974 wadda ta fitar da shi daga hurumin dokar jiha. Kati ba lallai ne ya nuna muku wannan ba. Ofishin kula da ma'aikata za ku tambaya kai tsaye: inshorar nan saye aka yi ko kamfani ne ke biya da kansa? Ku kuma nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗa, ba 'yar taƙaitacciyar nan mai shafi kaɗan ba.

In an ce akwai biya, sai ku duba me ake nufi da hakan. Wata inshorar gwaje-gwajen gano matsala kaɗai take biya, da an zo kan magani sai ta zame. Galibi kuma sai an cika sharaɗi, shekara ɗaya ana nema ba a samu ba, ko wata shida idan matar ta kai 35, wasu ma sai an fara gwada zuba maniyyi a mahaifa tukun kafin su yarda da IVF. Sannan akwai izinin farko, wato amincewar kamfanin inshora kafin a fara magani, wanda idan asibiti ya fara aiki ba tare da shi ba kamfani na iya ƙin biyan ko sisi. Kar ku yarda da "ai mun yi magana da su a waya", a ba ku a rubuce, da lambar izinin da ranar da zai ƙare.

Abin da ya fi cin mutane a ganina shi ne iyakar kuɗin. Wasu da dala suke ƙayyadewa na tsawon rayuwa, wasu da zagaye, kuma zagayen ma sai an tambaya, cire ƙwai ne zagaye ɗaya ko kowane dashe ana ƙirga shi? Alluran ƙarfafa ƙwai tsada gare su sosai, idan daga cikin wannan iyakar ake cire kuɗinsu to suna iya lashe rabo mai yawa tun ba a shiga tiyata ba.

Ta ɓangaren asibiti kuma, farashin da za a fara faɗa muku sau da yawa babu magani a ciki, babu mai allurar barci, babu ICSI wato cusa maniyyi cikin ƙwai, babu gwajin ƙwayar halittar ɗan tayi, babu daskarar da shi da kuɗin ajiya na shekara-shekara. Likitan na iya kasancewa cikin waɗanda inshorarku ke hulɗa da su amma ɗakin gwajin kamfani ne daban wanda ba ya ciki, sai bil biyu su iso gida. Takardar bayanin da inshora ke aikowa ba bil ba ce fa, ku ajiye ta ku gwada da bil ɗin asibiti layi-layi, domin kuskure kaɗai a lambar da asibiti ke rubutawa don nuna irin cutar na sa a ƙi biya, kuma asibiti na iya gyarawa su sake turawa.

Idan an ƙi biya, kuna da kwana 180 ku ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in suka dage kuma dalilin na likitanci ne akwai bita ta masu zaman kansu daga waje. Wanda zai biya da kansa, tun 1 ga Janairun 2022 doka ta ba shi haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin aiki, idan bil ya haura ƙiyasin da dala 400 ko fiye yana da kwana 120 ya shigar da ƙorafi.