Takardar TEN a Ingila: izinin sayar da giya a taro na ɗan lokaci

Masu shirya biki da taron ƙungiya suna ta maimaita tambayoyin nan. Amsoshin na Ingila da Wales ne kawai. Scotland tsarinta daban.

Mece ce TEN ɗin?

TEN, wato Temporary Event Notice, sanarwa ce da kake aika wa ƙaramar hukumar da wurin taron yake, bisa dokar lasisi ta 2003, cewa za a sayar da giya a wurin da ba shi da lasisi.

Nawa ake biya?

Fam 21. Sai wanda ya kai shekara 18 ke nema, da sunansa, ba da sunan ƙungiya ba.

Saura mako guda biki, zan samu?

Me ka tsaya yi tun tuni? Ƙa'ida kwana 10 na aiki ce kafin taro, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, ban da ranar da takarda ta isa, ban da ranar taron. A nan mutane ke faɗuwa, don kwanan kalanda suke ƙirgawa. Akwai ta makara, kwana 5 zuwa 9 na aiki, amma idan 'yan sanda ko jami'an lafiyar muhalli suka ce ba su yarda ba, magana ta ƙare, babu zaman sauraro. Kwana 3 na aiki suke da shi su yi magana.

Idan kyauta zan raba fa?

To, nan sai an bi a hankali. Idan bikinka ne, ka sayi abin sha da kuɗinka, ka gayyaci mutane, ba wanda ya biya ko sisi, ba ciniki aka yi ba, kuma galibi ba a bukatar TEN. Kwantar da hankalinka. Amma da zarar an sayar da tikitin shiga, aka ce kofi ɗaya yana ciki, doka na kallonsa a matsayin sayarwa, ko da ba a ga kuɗi a teburin sha ba. Dabarar ajiye kwano a ce "a jefa abin da ya sawwaƙa" ita ma ba ta da tabbas: idan sai an jefa ake zuba wa mutum, ko an rubuta adadin da ake so, ciniki ne. Idan kowa ya zo da nasa abin sha, yawanci babu matsala, sai dai mai zauren yana iya hanawa a yarjejeniyar haya. Wani zauren kuma yana da lasisinsa, sai ka duba ko ya haɗa da awanninka, don wani lasisin ƙarfe 11 na dare yake tsayawa alhali rawa ba ta yi nisa ba. Ƙananan hukumomi kan bambanta wajen tsanani. Rubuta wa sashen lasisi yadda za ka karɓi kuɗi dalla-dalla, ka ajiye amsarsu.

Mutum nawa?

Kada su wuce 499 a lokaci guda, har da masu raba abinci da masu kiɗa. Taron kada ya wuce awa 168.

Mu ba ma shan giya, me ya shafe mu?

Ya shafe ku idan za ku sayar wa jama'a abinci mai zafi, tsire ne ko shayi, tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba a wurin da ba lasisi. Takardar ɗaya ce.

Sau nawa a shekara?

Mutum ɗaya sau 5, biyu daga ciki za su iya zama na makara. Mai lasisin sayar da giya na ƙashin kansa sau 50. Wuri ɗaya sau 15, jimillar kwana 21, don haka tambayi mai zaure ko wasu sun riga sun cinye rabon wurin.

Idan na yi ba takarda, wa zai sani?

Maƙwabcin da kiɗa ya hana barci ya isa. Hukuncin tara ce marar iyaka, ko ɗaurin da zai iya kai wata 6, ko duka biyu. Ranar taro kwafin takardar ya kasance a wurin, a manne a bango ko a hannunka, kuma kada a sayar wa wanda bai kai 18 ba, ko da ɗanka ne.