Waiwaye: Takaddamar bindiga mai bakin rabin inci a Amurka

Asalin rigimar ko a haramta wa farar hula wannan bindiga ko a bar su da ita yana cikin dokar makamai ta Amurka ta 1968. Dokar ta ce duk bindigar da faɗin bakinta ya wuce rabin inci, in ban da wasu na farauta, ta shiga sahun makaman ɓarna, sai da rajista ta musamman ake mallakarta. Wadda bakinta ya tsaya cif a rabin inci, wato milimita 12.7, ba ta wuce iyakar ba. A lokacin babu wanda ya damu, don harsashi mai wannan girman, wanda John Browning ya ƙirƙiro a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, na manyan bindigogi ne masu sarrafa kansu da ake girkawa a kan motocin yaƙi.

A 1982 ne Ronnie Barrett, wani mai ɗaukar hoto a jihar Tennessee, ya ƙera wadda mutum ɗaya zai ɗauka ya harba wannan harsashi daga kafaɗarsa. M82 ke nan: nauyinta wajen kilo 14, tana samun abu daga nisan kilomita kusan 2. Sojojin Suwidin suka fara saye a 1989, na Amurka suka tafi da ita yaƙin Gulf. A idon dokar tarayya kuwa, matsayinta ɗaya da bindigar farautar barewa, ɗan shekara 18 ma yana iya shiga shago ya saya.

Masu neman a haramta ta sun taso gadan-gadan a 1999, lokacin da ƙungiyar Violence Policy Center, mai fafutukar taƙaita mallakar bindiga, ta fitar da rahoto, Sanata Dianne Feinstein kuma ta kai ƙudiri majalisa. Suka ce ba don mutum aka yi bindigar ba, don ƙarfe aka yi ta: tana huda tankar mai, da jirgin sama da ke ajiye, da motar da ba ta da kaurin sulke. Suka kawo misalin maharban IRA, ƙungiyar 'yan tawayen Ireland, da suka riƙa kashe sojojin Birtaniya da ita a kudancin Armagh da ke Ireland ta Arewa har zuwa 1997. Ƙungiyar NRA mai kare haƙƙin mallakar bindiga da masu wasan harbin nesa suka amsa da cewa ɗan fashi ba ya yawo da bindiga mai nauyi haka, mai tsadar dubban daloli. Kisan da ake yi a biranen Amurka da ƙananan bindigogin hannu ake yin mafi yawansa. A nan sun faɗi gaskiya, shi ya sa ƙudirin bai taɓa zama dokar tarayya ba, ko bayan harin 11 ga Satumban 2001.

Sai jihohi suka ɗauki gabarar. Gwamna Arnold Schwarzenegger, ɗan jam'iyyar Republican fa, ya sa hannu a dokar haramci ta California a 2004. Barrett ya fusata ya daina sayar wa 'yan sandan jihar kayansa, sannan ya fito da wani harsashi da bai kai rabin inci ba, wanda dokar ba ta ambata ba. New Jersey ta haramta a 2022, Illinois a 2023. Ita kuwa Tennessee, a 2016 ta ayyana M82 a matsayin bindigar alfaharin jiha.

Ɓarnar da aka yi ta hasashe, a Meziko ta fi bayyana. Gungun masu fataucin ƙwaya suna tura mutanen da ba su da tarihin laifi su sayo musu bindigar a shagunan Texas da Arizona, a tsallaka iyaka da ita. An samu irinta a maɓoyar madugun fataucin ƙwaya El Chapo a Janairun 2016, an kuma samu cikin makaman waɗanda suka yi wa shugaban 'yan sandan birnin Meziko na lokacin, Omar García Harfuch, kwanton ɓauna a Yunin 2020. Hujjar nan ta cewa ba a aikata laifi da ita, a bakin iyaka ta tsaya.

Gwamnatin Meziko ta maka kamfanonin ƙera bindigogi, har da Barrett, a wata kotun Boston a 2021, tana neman diyyar dala biliyan 10. A Yunin 2025 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka duka tara suka kori ƙarar, bisa dokar 2005 da ke kare maƙera makamai daga alhakin laifin da wani ya aikata da kayansu.